KALMAR "COMMITMENT": ALKAWARI KO ANIYA?

Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne. Turawan Ingila ma suna da kalma mai irin wannan nauyi, wato "commitment", wadda ba ta rabuwa da bakin shugabanni da 'yan jarida.

Asalinta daga Latin ne, inda "committere" ke nufin damƙa abu a hannun wani. Daga wannan tushe ne "kwamiti" da "kwamishina" da Hausa ta aro suka fito, wato waɗanda aka damƙa wa al'amari. Bature yakan ce "commit" idan alƙali ya tura mutum gidan yari, ko ɗalibi ya haddace karatu, ko wani ya aikata laifi. A duk waɗannan, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wanda ya yi "commitment" kuwa, kansa ya damƙa, ba shi da sauran damar ja da baya.

Sai dai yau da gobe ta rage wa kalmar ƙarfi. Ɗan boko yakan ce yana da "commitment" don ya kauce wa gayyata, alhali uzuri kawai yake nufi. Hukumomi kuwa sukan furta ta ba tare da sun ɗaure kansu da komai ba.

A nan ne aikin mai fassara yake, musamman ɗaliban wannan sashe da za su shiga gidajen rediyo da jaridu. Kafin ya zaɓi kalma, ya kamata ya tambayi kansa: me aka ɗauka za a yi, wa za a yi wa, kuma zuwa yaushe? In akwai amsa, alkawari ne. In babu, aniya ce kurum.

Ga misali: a taron sauyin yanayi na Kofanhagan a 2009, ƙasashe masu arziki sun yi amfani da "commit" a kan tara wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020. Ga adadi, ga wa'adi, amma ba a cika ba sai 2022. Wanda ya fassara wannan da "ƙudurin aniya" ya yafe bashin da ba nasa ba. Haka kuma wanda ya kira aniya alkawari ya ɗora wa mai sauraro buri a kan iska.

Bahaushe ya san bambancin "zan yi" da "na ɗauka". Wajibi ne mai fassara ya kiyaye masa wannan bambanci, domin da shi ne zai san wanda zai bi bashi.