Ƙasa da Mutum 25

Duk lokacin da aka tayar da zancen bambancin albashi tsakanin mata da maza, amsar jami'ai ɗaya ce: a duba takardar biya. Mace mai mataki na 8 a sakatariyar jiha tana ɗaukar abin da namiji mai mataki na 8 yake ɗauka. Gaskiya ne. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki, domin mafi yawan matan Kaduna masu sammakon fita aiki ba gwamnati ke biyan su ba.

Ba za a ce Jihar Kaduna ta naɗe hannu ba. A 2019 ta riga sauran jihohi fara biyan mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, ta kuma tsawaita hutun haihuwa na ma'aikatanta zuwa wata 6. Amma ruwan nan a gona ɗaya ya sauka.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa ta 2019 ta tsame duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Gyaran 2024 ya ɗaga kuɗin zuwa naira 70,000, ya bar wannan ƙofa a buɗe. To su wa ke bayanta? Mai karatu ya zaga Kawo da Badarawa da Unguwar Dosa, ya ƙirga ƙananan makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci da gidajen abinci. Ya leƙa ajin nazare ya ga wa ke riƙe da alli. Malamai mata ne, da yawansu da takardar NCE ko digiri, kuma doka ba ta yanka musu ko sisi ba. Albashinsu abin da bakin mai makaranta ya furta ne. Shi kuwa mai makaranta, ko bai iya komai a lissafi ba, ya san amfanin tsayawa a kan 24.

A nan ake faɗa wa mace, ba kunya ba tsoron Allah: "Ai ke ciyar da ke ake yi." Wannan magana ta fi kowace doka ƙarfi a garin nan, kuma ba ta da tushe. Shari'a ta ɗora ciyarwa a kan miji a matsayin haƙƙin matarsa. Ba ta mayar da ita rangwamen da mai makaranta zai ci ba. Albashi kuɗin aiki ne. In da da buƙata ake auna shi, da an zabge na gwauro an ninka na wadda miji ya rasu ya bar mata marayu biyar. Ba a yin ko ɗaya. Mai tumatir a kasuwar Kawo ma bai taɓa rage wa mace farashi don tana da miji ba.

Ina za ta kai kuka? Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi biya daidai a kan aiki daidai, ba tare da duba jinsi ba, amma yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati aiki da shi. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1974. A Maris 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin ba wa mata dama daidai da maza. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Za a ce dokar albashi ta Abuja ce. Na yarda, amma rajistar makarantu da asibitoci a hannun jiha take. Tun 2017 Birtaniya ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 250 zuwa sama su bayyana tazarar da ke tsakanin albashin maza da na mata. Namu ciwon a ƙanana yake. Jami'in da ke zuwa duba rufin aji da banɗaki kafin a sabunta rajista, me ya hana shi cewa a kawo masa littafin albashi, ya karanta shi suna bayan suna?