Ina Za A Tura Ɗaliban Injiniya Koyon Aiki?

Shekara biyar ɗalibi ke yi a jami'a kafin a kira shi injiniya a Nijeriya. A cikin shekara ta huɗu akan sallame shi daga aji har wata shida, ya tafi wata masana'anta ko wurin gine-gine ya sa hannu a aiki. Wannan shi ne shirin da ake kira SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, mai hedkwata a Jos, ya ƙirƙiro a 1973. Dalilin ƙirƙiro shi kuwa shi ne kukan da masu masana'antu suka yi ta yi, cewa jami'o'i na turo musu samari masu takarda waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba. A 1979 aka miƙa shirin ga hukumar jami'o'i da ta ilmin fasaha, a 1984 kuma aka mayar wa ITF. Ko shakka babu, tunani ne mai kyau. Amma an gina shi bisa zaton cewa akwai masana'antun da za a tura yara.

A wancan zamani akwai su. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba ya bukatar tafiya mai nisa. Masaƙar Kaduna tana aiki tun 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara a 1975, matatar mai ta buɗe a 1980. A Kano ga Bompai ga Sharaɗa, mai karatun lantarki kuma ya nufi Kainji. Yaro ya je can ya tarar da tsohon makaniki wanda ko firamare bai gama ba, amma da jin ƙarar inji ya san inda ciwon yake. Irin wannan ilmi ba a rubuta shi a allo.

Yau fa? Manyan masaƙun Kakuri sun rufe ɗaya bayan ɗaya tun cikin shekarun 2000. Ajakuta, da aka ɗora wa burin ƙasa tun 1980, ba ta taɓa narka ƙarfe yadda aka tsara ba. Alhali kuwa jami'o'i sun ƙaru, ɗalibai sun ninka, kowa da wasiƙarsa a hannu yana yawon neman wurin da za a karɓe shi. Wanda ke da kawu a ma'aikata ya samu kujera a ofis, ya yi wata shida ana aikensa kai fayil. Wanda ba shi da kowa ya zauna gida, ya cika littafin aikinsa da abin da ya kwafo wurin aboki, ya nemi mai hatimi ya buga masa. Malamin da ya kamata ya je ya duba shi sau da yawa ba shi da kuɗin mota, sai a ƙarshe a ba kowa maki. Ɗan alawus ɗin da Gwamnatin Tarayya ke bayarwa ma yakan iso bayan an gama, lokacin da ba ya da sauran amfani.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Wanda aka ba makin nan shi ne gobe zai sa hannu a takardar ginin bene, shi zai auna nauyin da gada za ta ɗauka, shi zai ja wayar lantarki a asibiti. Mutumin da bai taɓa ganin yadda ake kwaɓa kankare ba, yaya zai gane ɗan kwangila ya rage siminti?

Gyara yana farawa daga cikin jami'a. Ɗakunan ƙere-ƙere da na gwaje-gwaje su ne wurin da ya kamata ɗalibi ya fara walda, ya sassaƙa ƙarfe a inji, ya naɗa waya, ya matse bulo har ya fashe don ya san ƙarfinsa. Idan ɗalibai sittin suka zagaye inji ɗaya, malami ya nuna, su kuwa suna leƙe ta kafaɗar juna, kallo aka yi. Kuɗin da asusun TETFund ke bai wa jami'o'i, ya kamata a rage ɗoki wajen gina manyan ƙofofi da zauruka, a saya injuna, a tanadi wuta, a kuma riƙe ƙwararrun ma'aikatan da ke sarrafa su, domin su ne malaman hannu na gaskiya ko da ba a kiransu furofesa.

Sa'an nan gwamnati kanta ita ce babbar mai ba da aikin injiniya a ƙasar nan. Kowace kwangilar hanya, ko dam, ko layin dogo, ko tashar lantarki, ba abin da zai hana a rubuta a cikin sharuɗɗanta cewa sai ɗan kwangila ya ɗauki ɗalibai kaza, ya haɗa su da injiniya mai rajista da hukumar COREN, a kuma biya su duk ƙarshen wata. Kamfanoni dai suna biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu ga ITF. Wanda ya horar da ɗalibai da gaske a rangwanta masa, wanda ya sayar da hatimi a hukunta shi. A Amurka, Jami'ar Cincinnati ta fara karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta tun 1906, kuma jami'ar na taimaka wa ɗalibi wajen nemo wuri. A nan an bar wa yaro da iyayensa.

Akwai kuma wurin da ake rainawa. A kasuwar Panteka ta Kaduna ana narka dalma da alminiyum, ana ƙera injin niƙa da na casa da ƙofofin ƙarfe, kuma ana sayensu. Wasu malamai za su ce aikin can ba shi da awo, ba shi da lissafi, bai dace da ɗan jami'a ba. Gaskiya ne awon ya yi ƙaranci. To, ai shi ɗalibin zai kai musu. Ya zana injin da suke ƙerawa da ka, ya lissafa kaurin ƙarfen da ya dace, ya gano dalilin da bel ke yawan tsinkewa, su kuma su koya masa riƙon guduma da wutar walda. Abin da ake bukata shi ne jami'a ta yarda da wurin a hukumance, ta tura malami ya riƙa zuwa dubawa ko da sau ɗaya ne a wata, ITF kuma ta biya kuɗin motarsa tun kafin ya tashi.