Kada Mu Sayar Da Abin Da Bai Shiga Sito Ba

'Yan'uwa Musulmi, tun da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975, masara ta yalwata a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, har kasuwar Dandume ta zama matattarar fataken hatsi.

To, amma akwai wata ɗabi'a da muke gani. Ɗan sari ya yi cinikin buhu ɗari da manomi, tun ba a auna ba ya sayar wa mai kanti a Kano. Ran lodi sai a tarar tamanin ne, wasu ma ƙwari sun ci. Daga nan sai gardama da rantse-rantse, zumunci ya lalace.

Malaman Malikiyya sun hana wanda ya sayi abinci bisa awo ya sayar kafin ya karɓa. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara kuwa ta umurce mu da rubuta bashi mai ajali.

Saboda haka mai sito ya riƙa rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita. Mai kanti ya faɗi bukatarsa da wuri, ya biya ran alkawari.

Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu, amin.