Rigar sanyin farko ba ta buƙatar zare mai tsada

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu koyon saƙa a nan Rano, ni dai ra'ayina shi ne kada mai koyo ta ƙona kuɗin abincinta wajen sayen ulu na gashin tumaki. Rigar farko sai an warware ta sau uku ko huɗu, ulu kuwa idan ya sha warwara yakan tashi gashi, ruwan zafi kuma ya tsuke shi. Zaren roba, wanda ake kira akirilik, ya fi sauƙin kuɗi, yana jure wanki da sabulu, kuma ya isa ya tare hunturun Disamba da Janairu da ke busowa tsakanin duwatsun Rano da Kibiya.

Amma fa arha ba hauka ba ce. Ki zaɓi mai matsakaicin kauri, launi mai haske, don ki riƙa ganin idon saƙarki. Baƙi wahala ne da daddare idan an ɗauke wuta. Sannan ki sayi duk dunƙulen da kike buƙata lokaci guda, har da ƙarin ɗaya. Rinin kamfani yana sauyawa, kuma komawa kasuwar Sabon Gari a Kano saboda dunƙule guda, kuɗin motar kaɗai ya cinye rangwamen.