Kiɗa da Harshen Kwamfuta: Sana'a ce ko Shiririta?

Akwai masu ganin cewa duk kiɗan da bai fito daga fata ko tsirkiya ba, bai cancanci a kira shi kiɗa ba. A nawa ra'ayin, wannan hukunci ya yi tsauri, musamman idan aka dubi kiɗan da ake rubutawa da harsunan kwamfuta.

Sauti dai girgizar iska ce, kuma ana iya ƙidaya ta. Tsirkiyar da ke girgiza sau 440 a daƙiƙa guda tana ba da murya ɗaya. Idan adadin ya ƙaru, muryar ta ƙara siranta. A kan wannan ne Max Mathews ya rubuta manhajar MUSIC a Amurka cikin 1957. Daga baya aka sami Csound, da SuperCollider na James McCartney a 1996, da Sonic Pi, wanda Sam Aaron ya ƙirƙira a Jami'ar Kambirij domin koyar da yara 'yan makaranta. A waɗannan harsuna, makaɗi yakan rubuta umurni ne: ga kaurin murya, ga tsawonta, ga lokacin da za ta shigo. Kwamfuta ba ta ƙaga komai, abin da aka gaya mata take bi.

Amfanin wannan gare mu a fili yake. Fiyanon da ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa yana zuwa ne da muryoyin da masana'anta ta zuba masa, a kan matakai 12 na kiɗan Turai. Shi kuwa kalangu, matsa tsarkiyarsa ake yi a sassauta, muryarsa ta hau ta sauka kamar karin sautin Hausa. Haka ma goge yake ratsa tsakanin matakan. Mai rubuta umurni yana da ikon zaɓar kowane adadi, saboda haka zai iya bin wannan hawa da sauka yadda kunnensa ya saba. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Sai dai fa wanda bai taɓa zama gaban makaɗi ya saurara ba, ba shi da abin da zai gaya wa kwamfuta. Don haka ya kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya haɗa biyun: ya koyi kiɗa daga masu shi, sannan ya koyi rubuta shi.