Ra'ayinmu: A Rubuta Sunan Ɗan Ci-rani Tun Kafin Wata Annoba

Ranar 30 ga watan Maris na shekarar 2020 ne gwamnatin tarayya ta rufe Legas saboda annobar korona, aka ce kowa ya zauna gida. Sai ranar 4 ga watan Mayu aka fara sassautawa. Mako 5 ke nan cur. Mai albashi ya jure, mai shago ya ci jarinsa. To, ɗan ga-ruwa fa? Ɗan dako a kasuwar Mile 12, da mai gyaran takalmi, da mai yankan farce, su da sai sun fita suke samun na tuwo? Komawa gida ma ta gagara, domin an hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon watan Yuli.

Gwamnatin jiha ta raba kayan abinci, 'yan kasuwa ma sun haɗa gudummawa a ƙarƙashin CACOVID. Amma rabon gwamnati da takarda yake tafiya, da suna da adireshi. Ɗan ci-rani kuwa kwanansa a shago ko a harabar masallaci, babu takardar haya, babu sunansa a ko'ina. Wanda ba a rubuta ba, ba a san da shi ba. Sannan a watan Oktoba na shekarar, kowa ya ga yadda jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama, aka tarar da abinci jibge alhali mutane na kwana da yunwa.

Darasin a fili yake. Gwamnati tana da kaya amma ba ta san mutanenmu ba. Mu mun san su ɗaya bayan ɗaya, amma ƙarfinmu kaɗan ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada kuma wani ya ɗauka alfarma muke roƙo. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so cikin ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin jiharsa.

Don haka muna kira ga hukumomi da su sa sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin sana'o'i cikin duk wani kwamitin agaji tun daga farko, kuma a riƙa yin sanarwar lafiya da Hausa. Mu kuma akwai namu aikin. Kowane magidanci ya yi rajistar mazauna jiha, wato LASRRA, ya kuma mallaki lambar NIN, shi da iyalinsa. Kowace unguwa ta buɗe littafi na baƙi da zawarawa da marayu da nakasassu, a riƙa sabunta shi. A daina ƙaurace wa taron ci-gaban unguwa, domin a nan ake tsara rabo. In kaya sun zo, a raba a bainar jama'a, ba a ɗakin wani ba.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin gaggawa kan korona, amma kwalara da ambaliya ba su yi sallama da mu ba. Littafin da za a nema ranar tsanani, yau ake rubuta shi. Allah ya kare mu baki ɗaya, amin.