Fasfo Ba Ya Biyan Kuɗin Asibiti

Ɗan Birtaniyar da ya tattara iyalinsa ya koma Dubai ko Sifaniya da zama yakan tafi da zaton cewa duk ranar da jiki ya ƙi, ko yaro ya isa shiga jami'a, gida na nan yana jiransa. Dokar ƙasarsa ba haka ta tanada ba. A wajen kiwon lafiya dokar ta yi adalci, amma a wajen karatu ta matsa wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Hukumar lafiya ta NHS, wadda aka kafa a 1948, ba ta duba fasfo ko yawan harajin da mutum ya biya a baya. Abin da take dubawa shi ne inda yake zaune zama na dindindin. Wanda ya yi ƙaura ya sarayar da haƙƙin jinya kyauta. Idan ya zo Ingila ziyara aka kwantar da shi, ana iya neman ya biya kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin, ko da yake sashen gaggawa da ganin likitan unguwa suna nan kyauta. Shi kuwa injiniya ɗan Nijeriya da ya sami bizar aiki, yana biyan fam 1,035 a kan kowace shekara, farashin da ya fara aiki a Fabrairun 2024, ya shiga layi kamar kowa.

Masu ƙorafi suna cewa sun yi shekaru suna biyan haraji kafin su tafi. Sai dai NHS ba asusun ajiya ba ne: harajin bana shi ke jinyar marasa lafiyar bana. Wanda ya zaɓi Dubai, inda ba a cire harajin albashi, ya zaɓi tsarin inshorar da doka ta wajabta wa mai kamfani ya yi wa ma'aikacinsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duk da haka ba a kulle ƙofa ba. Masu karɓar fanshon gwamnati da ke zaune a ƙasashen Tarayyar Turai suna da takardar S1, wadda da ita Birtaniya ke biyan kuɗin jinyarsu a can. Wanda kuma ya dawo da niyyar zama yakan sami haƙƙinsa nan take.

Batun karatu daban ne. Iyaye da yawa suna zuba dukiya a makarantun kuɗi masu bin manhajar Birtaniya, irin Harrow ta Bangkok da aka buɗe a 1998, da Repton ta Dubai a 2007, da Charterhouse ta Legas a 2024, domin yaro ya zauna jarrabawa iri ɗaya da ta takwarorinsa na gida. Amma kafin a ɗauke shi ɗalibin gida a jami'ar Ingila, sai ya zauna a ƙasar shekara 3 kafin fara karatu. Ɗalibin gida bai biya fiye da fam 9,535 ba a zangon 2025, kuma yana da damar rancen gwamnati. Baƙo yakan biya ninki biyu ko uku, ba tare da rance ba. Akwai sassauci ga wanda aikin wucin gadi ne ya kai iyayensa waje, amma kowace jami'a ita ke yanke hukuncinta, har ta kai jami'o'i biyu su saɓa a kan takardun yaro guda.

Uban da ya yanke shawarar ƙaura yana dawowa ya ga likita a makon farko, ɗan da aka ɗauka yana ɗan shekara 6 ba da shawararsa ba kuwa sai ya jira shekara 3 ko ya biya kuɗin baƙi. Ya kamata hukuncin matsayin ɗalibi ya koma hannun hukuma guda, a kuma sassauta sharaɗin ga wanda ya bar ƙasar yana ƙaramin yaro. Kafin a kai ga haka, iyalin da ke shirin ƙaura su lissafa shekarun 'ya'yansu tun kafin su sa hannu a takardar aiki.